Motar Sirkku Ta Goce da Taƙi Ɗaya

Da yammacin Asabar Sirkku Rautio ta sauko filin ajiye motoci, ta tayar da tata, ta gusa da ita taƙi ɗaya zuwa hagu, ta kashe. 'Yar fitilar da ke jikin bango ta koma ja.

A gidan benen nasu na garin Kajaani kowane gurbin mota yana da faranti binne a ƙasa. Mota in ta hau shi daidai sai ta sha caji ba tare da waya ba. Da yamma kuma, lokacin da wuta ke tsada, farantin ya zuƙo daga batiran ya ba gidan, ya bar wa kowace mota ƙasa da rabi. Haka kwamitin gida ya tsara. Ranar Asabar sauna, ɗakin suracen gidan, ce ke cinye yawancin wutar, kuma batirin motar Sirkku ya fi na kowa girma.

Likitar dabbobi ce, ita ke jiran kira a ƙarshen mako. Asabar da ta wuce wani manomi ya kira ta daga can bayan garin Suomussalmi, saniyarsa ta kasa haihuwa. Sanyi ya cinye ragowar cajin a tsakiyar hanya. Kafin ta ƙara caji ta isa, saniya da ɗan maraƙin sun mutu. Ta kai kuka gaban kwamiti, aka ce ta jira taron bazara.

Ba a daɗe ba ƙofar ƙasa ta buɗe. Veikko Huttunen, shugaban kwamiti, ya fito daga shi sai tawul da silifa, tsoho Aarne na biye da shi.

"Likita, hannu ya fara rawa ne?" in ji Veikko. "Motarki ta goce."

"Na gani. Ni na gusa ta."

"Sauna ta ƙi zafi," in ji Aarne. "Muna zaune a ciki kamar masu jiran bas."

"Ku yi tsalle-tsalle, Aarne, za ku yi gumi."

Veikko ya gyara ɗaurin tawul. "Kowa a gidan nan yana bayarwa, Sirkku. Da ke aka amince."

"Ranakun aiki ku kwashe, ban hana ba. Yau ina jiran kira."

"In na ɗaga miki ƙafa, gobe mai zuwa ganin jika a garin Oulu zai zo da nasa uzurin."

"To ka saurare shi shi ma."

"Wanda ya ƙi hawa faranti ya rasa gurbinsa. Akwai masu jira. Litinin za a cire sunanki."

"Litinin ke nan. Yau Asabar."

Veikko ya dubi Aarne. Su biyun suka dafa bayan motar suka tura, silifa na zamewa a kan ƙanƙara. Motar ko motsi. Sirkku ta tsaya hannu cikin aljihu tana kallo, har Aarne ya ce yatsun ƙafarsa sun mutu, ya koma ciki.

"Kin san ba wasa nake ba," in ji Veikko, haƙoransa na kaɗawa.

"Na sani. Shiga ciki kafin ka zama aikina."

Ranar Litinin aka kwance allon sunanta, aka ba wani malamin makaranta gurbin. Yanzu a gidan mai na bakin gari take caji da waya, ta bar motar a can, ta tako gida cikin dusar ƙanƙara. Tafiyar da nisa, iska na yanka fuska. In an kira ta kuma haka take komawa da sassarfa, jaka a kafaɗa, ta tarar da batirin a cike.