Aron Yatsa

Wallahi ni taimako na je yi. Yayana direban tasi ne, yana da ciwon suga. Ranar da jiri ya ɗebe shi a kan sitiyari, 'yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta, ta ƙwace makullin motar. Ta kawo masa 'yar na'urar gwajin jini, ta kafa sharaɗi: ya riƙa gwadawa awa biyu bayan karin kumallo, in lamba ta yi kyau kwana bakwai a jere, ya karɓi makullinsa. Na'urar kuwa 'yar gulma ce, duk abin da ta gani sai ta adana.

Ya yi kwana shida lafiya lau. Rana ta bakwai sai ga shi a shagona na ɗinki, yana zare ido.

"Tela, na yi ɓarna. Na ci burodi yanka uku. Ara mini yatsanka."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da rabona da zuba suga a shayi shekara goma! Burodi dai nakan tashi da guda ɗaya da safe, da rana in bi da shinkafa ko taliya, amma ai ba su da zaƙi. Na wanke hannu, na miƙa masa ina yanga.

"Ɗauki jinin masu lafiya, Yaya. Kyauta."

Ya soka allurar, ya ɗiga jinin a tsinken gwajin. Na'urar ta yi ƙara. Ɗari uku da goma.

"Ta lalace," in ji ni.

Ya canza allura da tsinke, ya soki nasa. Ɗari da sittin. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya dubi jarkar ruwan da nake shanyewa kullum kafin azahar.

"Shi ya sa kwanan nan ba ka ganin kafar allura?"

Na ce ya fita mini daga shago. Bai fita ba.

Da yamma ina gidansa sai Nas ta zo ta danna na'urar. Da ta ga ɗari uku da goma sai ta miƙe tsaye.

"Baba, makulli kam ka manta da shi. Tashi mu tafi asibiti."

Yaya ya fara laluben takalmansa, wai shi mai rufa asiri. Ni kuma na ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta.

"Wannan lambar tawa ce, 'yata."

Ta wanke mu tas, mu biyu, da furfurarmu. Na ce ai ni ba na shan suga.

"Baffa, burodi da shinkafa da taliya, da zarar sun shiga ciki suga suke komawa. Jini ba ruwansa da abin da harshenka ya ji."

Ta sake duba lambar ubanta, ta ga ɗari da sittin ba laifi, ta ja tsaki, ta ciro makullin daga jaka ta cilla masa.

Mako guda yana mafarkin motar nan. Ya goge kujerar gaba da hannun rigarsa, ya buɗe mini ƙofa. Fasinjansa na farko ni ne, kuma har muka isa asibiti bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Wannan shirun nasa ya fi lambar ba ni tsoro.