Kalmar da Na Kai Ketu da Ƙafata

Ni Gambo, albasa na sani. Ina da ofishin lodi a Agege, abokin haɗin gwiwata Salissou, mutumin Maraɗi, yana da nasa a Ketu. Kowane ofis yana da babbar kwamfuta da suke kira saba, an haɗa su yadda akawunmu zai shiga ta Ketu ya ga motar da ta iso, nasu ma ya shiga tamu. Matata Najiba ce ke kula da tamu. Ni na biya mata makarantar kwamfuta a Ikeja, har yau ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Ruwan damina ya shiga ofis ya lalata sabarmu. Najiba ta tayar da ita daga tsohon kwafin da ta ajiye, amma ta Ketu ta ƙi karɓar mutanenmu. Motoci na tsaye, ba takardar fita, albasa na gumi a buhu.

Sai waya ta fara. Ridwanu, mai kula da kwamfutar Salissou. Da safe Ridwanu, bayan azahar Ridwanu. Suna Turanci suna haɗawa da Yarbanci, ina zaune a kan benci kamar baƙo a ofishina. Suka duba agogon injinan, suka duba ko kowanne yana ganin ɗan'uwansa. Can ya faɗi wani abu ta yi dariya har da dafa tebur. Rabon da in ji ta yi irin wannan dariyar a gida na manta.

Na ce, "Me aka gano?"

Ta ce, "Baban Lami, injinan nan akwai kalmar sirri da suke gane juna da ita. Tamu ta dawo da tsohuwa, ta can tana riƙe da sabuwa. Sai mun zaɓi wata, ni in sa a nan, shi ya sa a can."

"Wato ke da shi za ku san wata kalma, ni ban sani ba."

"Aiki ne fa."

"Aikin wa? Ofishin wa?"

Ta kife wayar. Akawu ya tuna bai yi alwala ba, ya fita.

Na ce kalma ni zan zaɓa, ni zan sa, nan da can. Ta ce motoci za su ƙara daɗewa a rana, ga cunkoson titin Ikorodu. Na ce su daɗe. Ta buɗe mini wurin sa kalmar, ta juya baya ta harɗe hannu. Da yatsa ɗaya na danna sunan mahaifiyata da lambar motata ta farko.

Na hau danfo, bas ɗin haya. Kafin in isa Ketu rigata ta jiƙe sharkaf.

Ridwanu dogo ne, fes da shi, ga tabarau. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Sannu da hanya, Baba. Da kun bari ai da Anti ta faɗa mini ta waya."

Baba. Na ce, "Juya bayanka."

Ya juya. Na danna. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya kira Najiba a gabana, na ji muryarta tana cewa akawu ya shiga, takardu sun fara fita. A taƙaice ta yi magana, ba dariya. Salissou ya leƙo yana tsokana, wai yaushe na zama injiniya. Ban kula shi ba.

Da na dawo Agege tana naɗe wayoyi. Buhun da ya lalace na ga an ware shi gefe, ban tambayi nawa ba ne.

Na ce, "To yanzu ni kaɗai na san ta."

Ta ce, "Na ɗan lokaci. Injinan da kansu za su canja ta, ba kai ba ni ba Ridwanu."

Sannan na ce, "Me ya faɗa miki ɗazu kika yi dariya?"

Ta dube ni, ta zauna, ta yi mini bayani a hankali da Hausa, wani abu game da saba da ta farka tana zaton har yanzu watan jiya ake. Na saurara har ƙarshe. Ban ga abin dariya ba.

Ta ce, "Ka gani?" Ta ɗauki jakarta ta yi gaba, na tsaya rufe ofis.