Gurbin Nicanor

A unguwarsu ta bakin tashar jiragen ruwa a Buenos Aires, mata sun yi ƙaranci, don haka namiji da namiji ake koyon rawar tango a bakin titi, ɗaya ya ja, ɗaya ya bi a madadin mace. Tun Eusebio yana saurayi yayansa Nicanor ya ce masa, "Kai ne macen, har sai ka iya." Nicanor kuwa bai taɓa yarda ƙanen ya iya ba, don ina zai sami mai bi irin wannan?

Rawar Nicanor ta daban ce: gwiwa a lanƙwashe, ana cikin tafiya sai ya tsaya cak, ya karya ƙugu, 'yan kallo su saki ihu. Yanzu masu hannu da shuni sun dawo da tango daga Faris a miƙe sumul, wai waccan ta 'yan iska ce. Nicanor ya rantse muddin yana numfashi ba za ta mutu ba. Sai tarin fuka ya ɗauke shi.

Wata Lahadi da la'asar, mai akwatin kiɗa ya shigo tsakar gidan hayarsu. Ramona, matar marigayin, ta ajiye ƙoƙon shayinta, ta tsaya gaban Eusebio cikin baƙaƙen kaya.

"Tashi, malalaci. Ni da kai kaɗai muka san takunsa. In ba mu yi ba, wa zai yi?"

"Haba matar yaya, mutane fa suna kallo."

"Su kalla mana! Da kake rungumar yayanka a titi, kunyar ta kashe ka?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya riƙe ta. Maƙwabta suka janye shanya, suka ba su fili.

Kiɗa ya tashi. Ramona ta lumshe ido tana jiran ƙirjinsa ya nuna mata inda za ta. Shi ma jira yake. Duk takun Nicanor yana jikinsa, amma ta ɓangaren wanda ake ja. Bai taɓa sanin yadda ake fara shi ba.

"Ja mana," ta ce a hankali.

Ya yi niyya, Allah ya sani ya yi. Da kiɗan ya iso inda Nicanor kan tura, ƙafar Eusebio ta ja da baya, ta Ramona ma ta ja da baya. Hannuwansu suka rabu. Suka tsaya suna duban filin da ke tsakaninsu, daidai faɗin mutum ɗaya, sannan Ramona ta fashe da kukan da ta kasa yi ranar jana'iza.