Abincin Mai Ƙugiya

Tun mijinta yana raye take sayar da abinci a bakin gini. Shi birkila ne, duk inda aiki ya kai shi sai ta bi shi da tukwanenta, ta kafa rumfa a gefen tulin yashi. Bayan ya rasu ba ta daina ba, don ba ta iya wata sana'a ba, kuma ɗakin da take haya ya cika shiru. Inna leburori suke kiranta. A da gini ɗaya yakan ci shekaru, har sai ta san wanda matarsa ke da ciki, da wanda ba ya cin yaji, da wanda kullum sai ya ce a ƙara masa miya.

Wannan ginin ya zo da wani salo. Da aka gama harsashi ba ta ƙara ganin ana kwaɓa siminti ba. Tireloli ne ke shigowa tun da safe, kowace ɗauke da ɗaki guda da aka ƙera a masana'anta, da tagoginsa da fentinsa, har da wurin saka ƙwan lantarki. Sai ƙugiya, wato dogon injin nan na ɗaga kaya, ta sunkuci ɗakin ta ɗora shi kan ɗan'uwansa, masu hular kwano su ɗaure da noti. Kafin ka saba da hawa ɗaya an ɗora wani.

"Saura su riƙa kawo su da 'yan haya a ciki," in ji Mai-usur, mutumin da ke tsayawa a ƙasa yana yi wa ƙugiyar jagora.

Inna ta yi dariya, amma abin bai yi mata daɗi ba. Ma'aikatan kaɗan ne, a tsaye suke cin abinci, ido na kan agogo. Masu walda su yi sati su tafi, masu haɗa waya su zo. Ba wanda yake daɗewa har ta riƙe fuskarsa.

Mutum ɗaya ne ba ya canzawa, shi ma ba ta taɓa ganinsa ba. Direban ƙugiyar yakan hau kafin ta iso, ba ya sauka sai bayan ta tashi, saboda tsanin ya yi tsawon da ba a hawa a sauka don cin abinci. Da rana Mai-usur yakan karɓi kula cike da shinkafa da wake, ya saka a buhu ya ɗaura a igiya, a ja sama. Shi direban, Na-sama suke ce masa.

Wata rana Mai-usur ya miƙo mata oba-obarsa, 'yar rediyon hannun da yake magana da direban da ita.

"Inna, mutuminki na son magana. Ki danna nan ki yi, in kin gama ki saki."

Muryar ta fito da ƙara-ƙara, amma a natse. "Sannu da aiki, Inna. Ni ne mai cinye miki abinci daga sama. Kullum ina hango ki, kamar tururuwa ta ɗauko tukunya."

"To, tururuwar ce ke ciyar da kai, ɗan nan."

"Shi ya sa na ce bari in gaishe ta, kada ta yi fushi ta rage min nama."

Daga ranar abin ya zama jiki. In an tsaya hutun rana Mai-usur ya ajiye mata oba-obar a kan benci ya tafi inuwa. Na-sama ya gaya mata ɗakin gilashin da yake zama a can sama bai fi kujera ɗaya da sandunan sarrafa inji biyu da gorar ruwa ba, kuma in rana ta take gilashin ya zama tanda. Matarsa da yaransa suna wani gari. Ya ce yakan yini bai ji wata kalma ba sai ɗaga, sauke, tsaya.

"Gara kai," ta ce. "Ni in na koma ɗaki ko tsaya ɗin ba mai ce min."

Ba ta yi niyyar faɗa ba. Sai ya tambaye ta maigidanta. Ta ba shi labari, har da ginin da ya fi alfahari da shi, wani gida mai hawa huɗu bayan tashar jirgin ƙasa, wanda rabonta da wajen tun ƙafarta ba ta fara ciwo ba.

"Mai baranda zagaye?"

"Shi."

"Ga shi ina kallonsa. Yana nan daram, Inna. An yi masa koren fenti. Wata ma ta shanya zannuwan gado a hawa na uku."

Ta ajiye oba-obar ta zauna. Wani mai walda ya zo da kwanonsa, sai da ya yi magana sau biyu ta ji.

Ginin ya ci gaba da tashi. Inuwarsa ta fara kaiwa rumfarta tun kafin rana ta karkata, in ta ɗaga kai neman ɗakin gilashin sai wuyanta ya ƙage. Ta ce masa ya kamata ya sauko wata rana ya ci abinci a kwano kamar mutane. Ya ce ranar da iska ta hana aiki, zai zo ya zauna a bencin nan har sai ta kore shi.

Iskar ba ta zo ba, sai waya ta zo. 'Yarta, wadda ke aure a wani gari, ta haihu. Inna ta rufe tukwane ta ba maigadi ajiyar benci, ta ce wa Na-sama ba za ta daɗe ba.

Ya ce, "Ki shafa min kan jariri. Ni kuma na koma burodi da ruwa."

A gidan surukin nata an karɓe ta da mutunci, sai dai uwar mijin ta riga ta kama komai. Ita ke wanka, ita ke girki, ita ta san inda kowane cokali yake. Duk abin da Inna ta taɓa sai a ce, "Ki huta, ai ke baƙuwa ce." Ta yini a kujerar falo tana jiran a miƙo mata jikan. 'Yar ta lura, ta ce, "Inna, ki bar wahalar nan ki dawo wurinmu." Ta faɗa da gaske, amma gidan ɗaki biyu ne, kuma dukansu sun sani. Jaririn ya yi ɗan zazzaɓi, tafiyar ta ƙara kwanaki.

Da ta dawo, tun daga cikin mota ta ga ginin ya kai ƙarshe, an jera masa tankunan ruwa a ka. Ƙugiyar ba ta nan. An kwashe shingen kwano, ana shuka furanni a inda tireloli ke juyawa.

"Sun kwance ta shekaranjiya," in ji maigadi, yana fito mata da bencinta. "Direban ya zo nan. Ya zauna ya daɗe, yana tambaya ko an ji daga gare ki."

"Yaya yake?"

"Lafiya lau."

"A'a, kamanninsa."

Maigadi ya yi tunani. "Mutum dai. Ba dogo ba. Yana ɗan ɗingishi."

Ya gaya mata kamfanin ya kama wani aiki a can ƙarshen gari. Ta yi kwana biyu tana cewa ba za ta je ba, sannan ta ɗora tukwane a motar haya ta tafi. Ta tarar da harsashi sabo, tireloli a layi, ƙugiya a tsaye. Mai yi wa ƙugiyar jagora wani ne daban. Ta roƙe shi aron oba-oba, ya ba ta yana kallonta.

"Ɗan nan, ni ce. Na dawo."

"Wa ke magana?" Muryar siririya ce, mai sauri. "Don Allah a bar layin nan, aiki muke."

Mutumin ya karɓi abinsa. Ya ce wancan direban an tura shi wani gari, bai san wanne ba, direbobin yawo ake da su. Sai ya leƙa tukwanen.

"Sayarwa ne, Inna? Ba mu da mai abinci a nan."

Ta duba wurin. Akwai ɗan fili kusa da ƙofa, inda ƙurar motoci ba ta kaiwa sosai. Ta ce ya taya ta sauke babbar tukunyar, ya kama kunne ɗaya ta kama ɗaya.