Ƙarar Cokali a Kofin Baba

Nas ɗin ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye: in Baba bai ci komai ba zuwa yamma, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, babbar 'yarsa da autansa ke jinyarsa a asibiti. Dukansu sun ga hawayen da Baba ya zubar ranar da aka yi wa mai gadon kusa da shi haka.

Yaya ta haɗa madara a kofi, ta sa cokali tana juyawa, ƙal-ƙal-ƙal. Baba ya datse haƙora, ya juya fuska bango.

"Baba, don Allah ko kurɓa ɗaya."

"Kawo nan," in ji Auta. "Ke hannunki ko jariri sai ya ƙi."

"Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa? Ungo, mu gani."

Auta ya ɗebo, ya karkaɗe cokalin a bakin kofi. Nan take Baba ya fara yunƙurin amai. Auta ya tsaya cak.

"Yaya, ai bai ma ga madarar ba. Idonsa a rufe yake."

Ya bari Baba ya lafa, ya koma bayan gado, ya sake ƙwanƙwasa kofin a hankali. Ƙirjin tsohon ya sake tashi.

Yaya ta dafe baki. Makonni ta yi tana niƙa masa wata ƙwaya mai ɗaci da cokali a cikin wannan kofi, ƙwayar da ke sa shi amai. Kullum ƙarar ce ke fara zuwa, ɗaci ya biyo, amai ya rufe. Likita ya daɗe da dakatar da maganin, amma jikin Baba bai sami labari ba. Yanzu ƙarar kaɗai ta isa.

Ta naɗe kofi da cokali a zane, ta tura ƙarƙashin gado. Ta wanke hannu, ta ɓare ayaba, ta shiga murzawa da yatsu.

Sai ga ƙarar keken nas daga baranda, ƙarafa na karo da juna. Kafaɗun Baba suka ɗaure.

Auta ya fice da sauri, ya ja ƙofa, ya tare hanya.

"Sista, ki yi mana rai, ki tsayar da keken nan."

"Au, aikina za ka koya min?"

"Wane ni! Ɗan shiru kawai nake roƙo."

Keken ya tsaya. A ciki Yaya ta jira har numfashin Baba ya daidaita, sannan ta shafa ayabar a leɓensa na ƙasa. Bai motsa ba. Ita ma ba ta janye yatsanta ba.

Can harshensa ya leƙo, ya lasa. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.

Ba ta kira kowa ba. Ta sake lakato wata, kaɗan ta fi ta farko.