Layin Gaba Na Goggo Ne

Hoton Yaya ya sandare a kan allon kwamfuta, bakinsa a buɗe, daidai lokacin da baƙin da yake taro da su ta intanet suka tambaye shi ko kamfaninsa zai iya aikin. Ya kashe makirfo ya leƙa ƙofa.

"Auta. Zo ki ga aikinki."

Auta, ƙanwarsa, ita ke kula da na'urorin ofishin. Ta shigo da sukundireba a hannu.

"Ba ke kika ce kin sa ni gaba da kowa ba? In kwangilar nan ta kuɓuce, ke da Allah."

"Na sa ka mana. Suwic ɗin nan da ke raba mana intanet, lambar kwamfutarka na ba shi. Da ya gan ta, kowa sai ya jira." Ta ƙura wa teburin ido. "Yaya, wannan kwamfutar ta waye?"

"Tawa. Sabuwa dal."

"Ina tsohuwar?"

"Na ba Goggo."

Daga ɗakin karɓar baƙi suka jiyo kiɗan fim yana tashi, ko gargada babu.

"To ai shi ke nan," in ji Auta. "Suwic bai san manaja ba, lambar jikin na'ura ya sani. Yau Goggo ce manaja."

Ta ruga wajen ƙanwar mahaifin nasu, wadda ta yi ɗaiɗai a kujera, tabarau a kan hanci.

"Goggo, don Allah ki ɗan tsayar da fim ɗin."

"Yanzu za a gane wanda ya sace jaririn. Ki ce wa yayanki kyauta ba ta komawa."

Auta ta dawo da gudu, ta kifa sabuwar kwamfutar tana neman lambar da ke manne a ƙasanta. A daidai nan hoton ya motsa. Baƙin suka ga silin, suka ga fanka, sannan haɓar Yaya daga ƙasa.

"Ofishinku na da tsabta," in ji ɗayansu.

Ta shiga saitin suwic daga wayarta, ta goge tsohuwar lamba, ta zuba sabuwa. Yaya ya kunna makirfo, muryarsa ta fita tar. Ya gyara wuyan riga ya yi bayani kamar mai karanta labarai, baƙin suka ce a turo takardu a sa hannu.

A waje kuwa, fim ya tsaya cak.

Yaya na cikin cewa dama shi bai taɓa shakkar Auta ba, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum ne da jakar kayan aiki, waya naɗe a kafaɗarsa.

"Ina suwic ɗinku? Wata baiwar Allah ce ta kira ni, wai an cire ta daga layin gaba."

Goggo ta ɗaga hannu daga kujerarta.

"Shigo, ɗana. Ka fara da ɗakin manaja."