Ƙasar Gindin Bango

Auta ne ya rarake gindin bangon ɗakin mahaifiyarsa. Ba gara ba ce, ba ɓera ba ne, ba kuma tsufan gini ba kamar yadda ya riƙa faɗa wa mutane. Shi ne, da hannunsa, da guntun ƙarfe da tsohuwar roba, saboda tattabaru.

Ranar da abin ya faru ma da wannan aikin ya buɗe safiyarsa. Ya shiga siririn lungun da ke bayan ɗakin, inda ba mai zuwa sai shi, ya janye tsohon kwanon rufin da yake kare wurin da shi, ya tsuguna. Ramin ya yi zurfin da hannu ke shigewa har gwiwa, ya kuma bi tsawon bangon. Ƙasar wurin daɗaɗɗiya ce, tun ginin kakansu, ga wani farin gishiri-gishiri da ke tsatsowa a jikinta. Ya kankara ya tara a roba, ƙura ta shaƙe shi ya yi tari, ya mayar da kwanon, ya kulle ƙofar lungun.

Tattabarun tsere yake kiwo, irin waɗanda ake zubawa a kwando a kai su gari mai nisa a sake su, a ga ta wa za ta riga isowa. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga a wani ɗan shago a bakin kasuwa, amma ba a nan ya yi suna ba. A tattabaru ya yi shi, kuma sirrin yana cikin haɗin da yake ba su lokacin kwanci. Yakan gasa ɓawon ƙwai a kasko har ya yi ja, ya daka shi da gawayi da ƙonannen ƙashi da garin jan bulo, ya barbaɗa gishiri kaɗan, ya ɗiga man kifi, sannan ya kwaɓa duka da ƙasar bangon nan, ya dunƙula curi-curi ya shanya. Iyayen su caccaka su ɗura wa 'yan shila. Ƙwai ya fito da ɓawo mai ƙwari, shila ta tashi da ƙirji mai faɗi. Ya taɓa gwada wata ƙasar, ta bakin rafi da ta wani gida da aka rushe. Tsuntsayen ko kallonta ba su yi ba, macen da ya fi ji da ita kuwa ta saki ƙwai mai laushi kamar leda. Tun daga nan bai ƙara neman wata ƙasa ba.

Yana wucewa ta ƙofar ɗakin da robar a bayansa tsohuwar ta kira shi.

"Auta."

"Na'am, Inna. An tashi lafiya?"

"Ɓeran nan ya dawo. Tun da gari ya waye yake ƙarar-ƙarar a bayan kaina."

"Zan sa masa magani."

"Haka ka ce wancan karon. Shigo ka ga wannan."

Ya ajiye robar a waje ya shiga. Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta da suka kumbura a kan 'yar kujera. Ta nuna masa bangon da gadon ya jingina da shi. Tsagar da a bara take kamar zare yanzu ta buɗe baki, har tsohuwar ta cusa tsumma a ciki don iska.

"Ƙofar ma ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Na gaya wa yayanka a waya, ya ce zai turo magini yau."

Yayan nan shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Yana zaune a wata unguwa da iyalinsa, kuma ba mutum ne da ake wa bayani sau biyu ba.

"Ai da kin bari, Inna. Tsohon gini ne, haka yake yi."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "To," ta ce.

A tsakar gida matarsa na wanke-wanke. Ta ga robar, ta ga ƙasar da ke gwiwar wandonsa. Ita kaɗai ta san abin da ke bayan kwanon nan, kuma ta gaji da sani.

"Yau ma?"

"Na ƙarshe ke nan. Ƙwan manyan nan na gab da ƙyanƙyashewa. Su ci wannan, shi ke nan, in sayo siminti in toshe."

"Simintin nan naka ya fi shekara yana hanya. Baban yara, mutum ce fa ke kwana a wurin. Wadda ta haife ka."

"Ke, rage murya."

"To ka dawo da ita ɗakinmu, mu mu koma falo."

"In ce mata me? Ɗakin da ta yi aure a ciki, ɗakin da Baba ya cika a ciki? Ko da mota ba za ki ja ta daga nan ba sai da dalili."

"Dalilin ai yana hannunka cikin roba."

Ya jawo turmi ya hau daka. Ya kwaɓa, ya dunƙula, ya hau tsani ya jera curin a kan rufin ɗakin tattabarun inda rana ta fi bugawa. Tsuntsayen na ta guɗa a ciki. Ya leƙa macen da ke kwanci, ta hura wuya ta kai masa duka da fiffike, ya yi murmushi. Da mutum zai ga fuskarsa a lokacin, sai ya rantse ba shi da wata damuwa a duniya.

Magini ya iso da hantsi, wani dattijo mai fararen gira. Ya gaida tsohuwar, ya zare tsumman, ya zura yatsa a tsagar, ya ƙwanƙwasa bangon daga sama har ƙasa yana saurare.

"Ciwon ba a nan yake ba, a gindi yake. Ta ina ake zagayawa baya?"

"Lungun a kulle yake," in ji Auta. "Makullin ya ɓata tun tuni."

Makullin na cikin aljihunsa, yana jin sanyinsa a cinya.

"A fasa kwaɗon mana."

"Sai Yaya ya zo, kada ya ce na yi gaban kaina. Ka dawo jibi."

Magini ya ja shi waje, ya yi ƙasa da murya. "Ni dai ga shawara. A fitar da Hajiya daga ɗakin nan yau, ba gobe ba. Ka ga hadarin da ke gabas? In ruwa ya sami gindin bangon nan ban lamunce masa ba."

"In sha Allahu za a yi."

Ba a yi ba. Ya raka magini bakin titi, ya dawo ya zuba sauran tsohon haɗi a leda, ya hau babur ya tafi kasuwa. A ransa ya tsara komai: gobe da sassafe ya sayo siminti da yashi ya toshe ramin, ya shafe, kafin jibi ba wanda zai ga alamar ƙarfe. Kwana ɗaya kawai yake roƙo.

Bai ko buɗe shagonsa ba, ya zarce wurin mai aski, inda masu tattabaru ke taruwa. Ya jefa ledar a kan benci, aka yi mata caa.

"Ga boka ya iso!" in ji mai aski, almakashi a hannu. "Don Allah yau dai ka faɗa mana, me kake sawa? Na yi ɓawon ƙwai, na yi gawayi, na yi bulo, nawa 'yan shilan sai ka ce an tsamo su daga ruwa."

"Hannu ne," in ji Auta.

"Hannun banza! Kai da fankar da ka gyara mini take juyawa baya-baya?"

Aka kwashe da dariya. Wani dogon direba ya ɗauki curi ɗaya ya lasa, ya yamutsa fuska. "Akwai wata ƙasa a ciki. Ta ina ce?"

"Daga nesa ake kawo mini."

"Ka ji maƙaryaci. Ko matarsa ba ta sani ba, na rantse."

Auta ya miƙe ƙafa yana jin daɗi. Wannan zaman shi ne abin da yake saye da bangon uwarsa: a kira shi boka, a roƙe shi, ya ƙi faɗa. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga matarsa ce, ya kife ta a cinya. Sai da iska ta bugo ƙofar shagon, ta watsa gashin da aka tara a ƙasa, sannan ya leƙa waje. Gari ya yi baƙi ƙirin. Abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne curin da ya shanya.

Ruwan ya kama shi a hanya. Kafin ya isa gida kwatoci sun cika sun tumbatsa kan titi. Ya jefar da babur a ƙofar gida ya shiga a guje. Matarsa na tsaye a ƙofar ɗakin tsohuwar, jiƙe sharkaf.

"Zo ka kama mini ita! Ta ƙi tashi, ta ce sai ka zo. Ruwa na shiga lungun, ina jin sa!"

"Ina zuwa!"

Ɗakin tsohuwar na hannun dama, ɗakin tattabaru na hagu. Hagu ya yi. Ya hau tsani ya tattara curin da suka fara narkewa ya tura cikin riga, ya sauko ya ja buhu ya rufe tagar da feshi ke shiga kan masu kwanci. Bai daɗe ba. Daga baya ya sha faɗa wa kansa cewa bai daɗe ba.

Bangon bai yi wata babbar ƙara ba. Wani nishi ya yi, gindinsa ya zame cikin lungun, samansa ya kwanto cikin ɗaki tare da katakon rufi. Sai ihun matarsa.

Maƙwabta ne suka taya shi tono, da hannu da shebur, ruwa na dukan bayansu. Katakon da ya faɗo ya tokare da kan gadon, shi ya tsare mata kai da ƙirji. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ƙasa ta danne. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Da suka ɗaga ta zuwa motar maƙwabci, curin da ke cikin rigar Auta suka zubo a laka, aka bi ta kansu.

A asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta kada a sa rai da yawa za ta sake takawa. Auta na jingine da bango a baranda lokacin da yayansa ya iso wajen la'asar. Bai zo kai tsaye ba, ta gidan ya biyo, shi da magini. Ruwa ya ɗauke, kwanon ya faɗi, abin da ya rage na gindin bangon yana nan a fili da sawun ƙarfe layi-layi.

Yayan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Taso," suka shiga ɗakin da aka kwantar da ita.

Ta yi ƙanƙanta a kan gadon asibiti, ga robar ƙarin ruwa a hannunta. Auta ya durƙusa a gefen gadon.

"Inna, sannu. Tsautsayi ne, ginin ne ya..."

"Inna," in ji yayan, "ba ɓera ba ne ke ci miki bango."

"Na sani," ta ce, idonta a rufe. "Ɓera ba ya tari."

Matar Auta ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

"Ni na goye shi, zan kasa gane tarinsa ta bayan bango? Ban san ya yi zurfi haka ba. Amma kullum na kira shi na ce ɓera ya dawo, jira nake ya ce, Inna, ni ne. Ko yau da safe na jira." Ta buɗe ido, ba ta dubi inda yake ba. "Tun yana yaro in ya yi ɓarna ni ke tare masa, ku sha duka shi ya sha lallashi. Yau ba ni da ƙafar tsayawa a gaban kowa. Babba, ka yi abin da ka gani."

A baranda yayan ya faɗi abin da ya gani. Matar Auta da yaran su zauna, ba su yi wa kowa laifi ba, kuma tsohuwar za ta buƙaci mai juya ta. Auta kuwa ya kwashe kayansa kafin a sallamo ta, kada ƙafarsa ta ƙara taka gidan.

"Yaya, tattabarun fa? Manyan ba sa sabawa da sabon wuri. Ko ina na kai su, ranar da na buɗe musu nan za su dawo."

"Wannan kuma tsakaninka da su."

Auta ya kama ɗaki a bayan kasuwa, ya kwashe tsuntsayen cikin kwanduna. Ƙwan da ake kwanci a kansu suka yi sanyi a hanya, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Ya tsare manyan a kulle har ya ga kamar sun haƙura, ranar da ya buɗe musu suka yi kewaye ɗaya a sama suka miƙe gidan da aka hana shi shiga. Yayan ya sa aka kama su aka rabar. Tsohuwar ba ta sake takawa ba, kuma har ta rasu ba ta aika a kira shi ba.